Ƙeyar jariri ta shafe: hular gyaran kai ko juya kwanciya?

Wanzami ne ya tona asirin. Ɗan ƙanwata ya zo duniya da suma, bayan askin suna ma ba a jima ba ta dawo ta rufe kai. Sai cikin watan Maris, yana da wata uku da ƴan kwanaki, aka sake aske shi saboda ƙurajen zafi, muka ga abin da gashi ya ɓoye: ƙeyarsa ta hannun dama a shafe take, kamar an ɗora mata dutsen guga. Na zaunar da shi a cinyata na leƙa kan daga sama, yadda ake leƙa ƙwarya a kasuwa. Kunnen dama ya gusa gaba kaɗan ya bar ɗan'uwansa a baya, goshin wannan gefen kuma ya ɗan turo. Uwar ta yi tagumi ta ce, "Yaya, na daɗe fa ina ganin kullum dama yake kallo. Na ɗauka halinsa ne."

Kafin Juma'a ta zagayo gida ya rabu biyu. Hajiya, uwar mijinta, da ta taho daga Tawa ganin jikanta, ta ce ba a gasa kan yadda ya kamata ba lokacin jego. A ba ta yaron da ruwan ɗumi da man kaɗe, ita ta san abin yi. Ɗiyar kawunmu da ke aure a Liyon, can Faransa, ta cika mana WhatsApp da hotunan ɗiyarta sanye da wata farar hula mai tauri irin ta ƴan kabu-kabu, wadda suke ce wa kaske. Wata huɗu yarinyar ta yi da ita, in ji ta, kai ya dawo daidai, kada mu tsaya wasa. Mijin ƙanwata, mai shago a kasuwar Katako ta Yamai, har ya fara lissafin abin da zai sayar.

Ba mu sa hular ba. Wannan ba ya nufin kowa ya bi sawunmu, don akwai yaran da ta dace da su, akwai kuma waɗanda hula da juyi duka ba za su tsinana musu komai ba sai aikin tiyata. Makonni muka yi muna warware zaren, tsakanin likitan yara da kiran waya zuwa Liyon, kuma ga yadda muka auna.

Ƙoƙon kan jariri ba ƙashi guda ba ne. Ƙasusuwa ne falle-falle masu taushi da ɗinki a tsakaninsu, maɗigar nan da ake hana yara taɓawa kuwa mahaɗar ɗinkunan ce. Haka aka halicce shi don ya ratsa hanyar haihuwa, ƙwaƙwalwa kuma ta sami filin girma. Kewayen kai wajen santimita 35 ne ranar haihuwa, ya kai 46 ko kusa da haka a shekara guda, kuma kusan rabin wannan ƙarin a wata ukun farko ake yin sa. Duk wanda ya taɓa shuka duma ya san sauran: gefen da ya kwanta a ƙasa shi ke bajewa, girman ya tafi inda babu abin da ya tare shi. In gefe ɗaya ne ya shafe, likitoci suna ce masa pilajiyosefali. In ƙeyar ce gaba ɗaya ta baje kan ya yi faɗi, birakisefali. Sunayen sun fi ciwon ban tsoro. Wanda kwanciya ta jawo ba ya matse ƙwaƙwalwa, siffar kai kawai yake canjawa.

A Amurka da Turai abin ya yawaita ne bayan 1992, shekarar da ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce a daina kwantar da jarirai rub-da-ciki don barci. Shawarar ta ceci rayuka, mutuwar fuju'ar da ke ɗauke jarirai cikin barci ta ragu da fiye da rabi a ƙasar. Ƙeya ce ta ji jiki, daga nan kasuwar hula ta buɗe. Wani bincike da aka buga daga Niyuzilan a 2004 ya bi yara tun daga haihuwa: suna wata huɗu, kusan ɗaya cikin biyar na da shafaffen kai, suna shekara biyu, saura kamar uku cikin ɗari. Yaro in ya fara zama, ya fara birgima da rarrafe, ƙeya ta huta, girma ya ci gaba da cike gurbin.

Kafin a zo maganar hula ko juyi, akwai tambayar da ta riga su, kuma ita ce mutane suka fi tsallakewa: me ya shafe kan? Likitar da ta duba yaronmu ba ta fara da kan ba ma. Ta kwantar da shi rigingine ta girgiza makullanta ta dama, ya juya har haɓarsa ta kusa kafaɗa. Ta koma hagu, ya bi ta da ido, wuyan ya tsaya a rabin hanya, sai ya juyo da kafaɗar gaba ɗaya. Ta ce wa ƙanwata, "Madam, wuyan ne. Kan bin sa kawai ya yi." Ƙagewar wuya ce, wadda suke kira tortikoli: naman da ya taso daga bayan kunne ya sauka ƙashin ƙirji ya gajarce a gefe ɗaya. Yaron da ke da wannan, ko an sa masa hula ta miliyan nawa, in ba a saki wuyan ba gefen da ya saba zai ci gaba da kwanciya.

Akwai kuma wanda ya fi wannan nauyi, ko da yake bai cika faruwa ba, kamar jariri ɗaya cikin 2,000 zuwa 2,500: ɗaya daga cikin ɗinkunan ƙoƙon kai ya haɗe tun lokacinsa bai yi ba. Alamunsa daban ne. Siffar tana nan tun ranar haihuwa kuma ƙaruwa take yi. In ka bi kan da yatsa za ka ji wani siririn tudu mai tauri kamar kunyar gona. Kan na iya yin tsawo da tsukewa kamar kwalekwale, ko goshi ya yi tsini. Wani lokaci kunnen gefen da ya shafe baya yake komawa maimakon gaba. Wannan na likitan tiyatar kai da ƙwaƙwalwa ne, kuma akwai sashensu a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai. Wanda ke Tawa ko Konni ko Madawa, likitan yara ya fara gani, shi zai ce ko tafiyar ta kama, don ɗaruruwan kilomita da jariri a cikin kar ba abin da ake yi a kan jita-jita ba ne. Haka nan in kai na girma da sauri fiye da layin da ke cikin karne, littafin awon yaro, ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri, a bar maganar siffa a tafi asibiti ranar.

To, a ce an tabbatar na kwanciya ne. Me hular ke yi?

Ba matse kai take ba, yadda Hajiya ta zata har ta ce ba za a sa wa jikanta takunkumi ba. Ana ɗaukar awon kan yaron da na'ura ko da filasta, a ƙera masa hula tasa shi kaɗai, roba mai tauri daga waje, soso daga ciki. Inda kan ya turo tana dafe shi, inda ya shafe an bar masa rami. Girman ƙwaƙwalwa ne ke yin aikin, hular hanya kawai take nuna masa. Saboda haka lokaci ke da muhimmanci: an fi son a fara tsakanin wata huɗu da shida, bayan shekara guda kuwa amfaninta kaɗan ne, don girman ya lafa ƙashi ya yi ƙwari. Awa 23 take yi a kai kowace rana, barci da farke, awa gudan da ya rage na wanka ne da goge ta. Haka za a yi wata uku zuwa shida. Kuma bayan kowane sati biyu ko uku sai an koma wurin wanda ya ƙera ta ya kankare soson ya buɗe wa kan wuri.

Hotunan Liyon duk murmushi ne. Sai da na tsare ɗiyar kawunmu a waya wani dare ta faɗi abin da hoto ba ya ɗauka. Ta ce satin farko in ta cire hular gashin yarinyar sharkaf yake, sai ka ce an tsamo ta daga ruwa, warin kuwa na safar da ta kwana a takalmi. Kullum sai an goge cikin da alkol an jira ya bushe. Duk jan da ya fito a fata ana duban agogo, in bai ɓace ba cikin awa guda a ajiye hular a kira masu ita. In zazzaɓi ya zo, a cire. Abin da ya fi ci mata rai kuwa ban yi tsammaninsa ba. Ta ce, "Anti, wata huɗu ban shinshini kan ɗiyata ba sai lokacin wanka. In ina ba ta nono roba ce ke gogar hannuna." Na ce to da za a maimaita? Ta ce za ta sake sawa, don kan yarinyar ya karkace sosai har fuska ta fara bi, kuma wata biyu suka yi suna juyi da zuwa wurin kine, wato mai motsa gaɓoɓi a asibiti, bai motsa ba. Na yarda da ita. Wurin masu gyaran hular kuwa tafiyar rabin awa ce daga gidanta.

Matsalar shaidar uwa, ko tawa ko tata, ita ce yaron da aka sa wa hula yana girma a lokaci guda, ba mai iya raba aikin hula da aikin watanni. A Holan an gwada rabawa. Binciken ya fito a 2014 a mujallar likitoci ta BMJ: jarirai 84 masu wata biyar zuwa shida, aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi hula ta wata shida, rabi aka bar su. Da suka cika shekara biyu aka auna, ba a ga bambancin a zo a gani ba. Waɗanda kansu ya dawo daidai sarai: 10 cikin 39 na masu hula, 9 cikin 40 na marasa hula. Iyayen masu hula kuwa babu wanda bai kawo ƙorafi ba. Kusan duka sun ambaci ɓacin fata, wajen kashi uku cikin huɗu sun ambaci wari, da zufa, da cewa hular ta shiga tsakaninsu da rungumar ɗansu.

Akwai abu biyu a cikin waɗannan alƙaluma da ake yawan tsallakewa. Na farko, ta kowace hanya aka bi, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai suka sami kai zagayayye tas. Saura sun gyaru amma da ɗan burbushi, kuma iyayen ɓangarorin biyu galibi sun gamsu da kan ƴaƴansu. Duk wanda ya yi maka alkawarin kai kamar an zana da faifai, ciniki yake. Na biyu, binciken bai haɗa da yaran da nasu ya yi tsanani ƙwarai ba, bai haɗa da bakwaini ba, bai haɗa da masu ƙagewar wuya ba, kuma iyaye da yawa sun ce hular ba ta zauna daram ba, abin da masu suka suka riƙe ke nan. Don haka bai rufe ƙofar hula ba, ya dai tsuke ta. Ƙungiyar likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa ta Amurka, a jagororinta na 2016, ta sa juyi da motsa jiki a gaba, ta ajiye hula ga matsakaici ko mai tsanani da ya ƙi jin waɗannan. Hukumar lafiya ta Faransa a 2020 ita ma rigakafi da kine ta gabatar, hula sai a tsiraru masu tsanani. A Ingila asibitocin gwamnati ba su cika biyan kuɗinta ba, mai so ya saya da aljihunsa, wajen fam 2,000.

Duk wannan a ƙasashen sanyi ne. Mu a Yamai muke.

Yaronmu ɗan Disamba ne, wato zai shiga hular a Afrilu ko Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 da rana, ɗaki ya ƙi hucewa har asuba, kuran kuma ya tafi lokacin da ya ga dama. Jariri ta kai yake fitar da zafi mai yawa, ga shi dama ƙurajen zafi ne suka sa aka aske shi. Ka rufe wannan kan da roba da soso awa 23. Daga bazara a faɗa damina da gumi, daga nan lokacin zazzaɓin sauro, kuma kowane zazzaɓi kwanakin cire hula ne. In ta daɗe a ajiye kan ya girma ya bar ta. Wanda aka haifa a Yuni ko Yuli lissafinsa daban, don watanninsa na hula za su faɗa cikin ɗari. Ban ga wannan a takardun Turawa ba, amma a nan watan haihuwa yana cikin awo.

Sai kuɗi. A ɗauka an ce yuro 2,000. A kan sefa 655.957 kowane yuro, miliyan ɗaya da jika 312 ke nan, albashi mafi ƙanƙanta na jika 42 har na wata 31. Wannan hular ce tsurarta, ba jirgi, ba masauki, ba ci. Tayin da aka yi mana na Faransa ne, ofishin jakadancinta a Yamai kuwa an rufe shi tun farkon 2024, bizar ziyara ta Turai kuma kwana 90 ce iyakarta, alhali hular na iya cin wata shida. Wani ya ce a je a ƙera a dawo da ita. Nan ne kuskuren da ya fi tsada. Hular da ba mai gyara ta a kusa, cikin ƴan makonni za ta fara cin fata, a ƙarshe ta koma kan sif. Ko a ina aka yi maka tayinta, a Turai ne, a Arewacin Afirka ne, a wata ƙasa maƙwabciya ce, tambayar farko ba "nawa ne" ba ce. Ka tambayi wa zai riƙa gyara ta bayan kowane sati biyu, kuma ina yake zaune.

Ɗaya hanyar ana ce mata kyauta ce. Ba kyauta ba ce, da jikin uwa ake biya.

Da muka shiga ɗakin ƙanwata da idon bincike sai dariya ta kama mu. Gado na jingine da bango ta hagun yaron. Uwar tana kwana ta damansa, taga na dama, ƙofa na dama, talabijin na falo ma in an ajiye shi a kujerarsa ta dama yake. Duniyarsa kaf tana dama, me zai nema a hagu? Aka juya shi, kai ya koma inda ƙafa take, uwar ta koma hagunsa cikin sange. Barci dai rigingine, wannan ba a taɓa shi ba, sai dai in ya yi nisa ta lallaɓa ta juya fuskar hagu. Da farko minti biyar ya mayar. Kujerar jarirai, wadda yake wuni a ciki in uwar ta tafi aiki, aka ɗaga ta sama. Aka zaunar da yarinyar da ke rainonsa aka nuna mata komai, don ita ke tare da shi daga safe zuwa azahar. In ba a sa mai raino a ciki ba, aikin dare rana ke warware shi. Bibiro ma aka ce a riƙa sauya hannu, tun da mai ba da nono dole ta sauya gefe, mai bibiro kuwa hannun da ya fi mata daɗi take riƙewa.

Sai rub-da-ciki idonsa biyu, wani na zaune yana kallo. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarinta na 2019, ta ce jaririn da bai fara rarrafe ba ya sami aƙalla minti 30 a rana, a rarrabe. Namu ya tsani abin. Minti biyu a kan tabarma ya fara ihu kamar an yanka shi, Hajiya ta taho da gudu tana cewa za mu kashe mata miji. Dabarar da ta yi aiki ita ce ƙirjin ubansa: in ya dawo daga kasuwa ya kishingiɗa bayan magariba, a ɗora masa yaron a ƙirji, yana ɗaga kai don ya ga gemu. Daga minti biyu aka kai biyar, aka kai goma. Ba a yi da ya gama shan nono, sai ya amayar.

Goyo kuwa dukiya ce da muke da ita ba mu san darajarta ba. Yaron da ke bayan uwarsa ƙeyarsa ba ta kan komai, wuyansa na aiki. Sai dai a lura da kuncin da yake kwantarwa, don mai ƙagewar wuya a goye ma gefensa zai zaɓa. A juya masa. Kuma goyo ba ya maye gurbin tabarma, Hukumar Lafiya ta Duniyar ta ce kada jariri ya wuce awa guda a ɗaure a lokaci ɗaya, ko a keke ko a baya.

Wuyan kuma kine ce ta sake shi. Tana miƙar da naman a hankali, ta koya wa uwar yadda za ta riƙa yi a gida bayan canjin kunzugu. Kada a kwaikwayi wannan daga bidiyo, wuyan jariri ba wurin gwaji ba ne. A Holan ɗin dai an yi gwajin ƙuri'a a 2008 da ya nuna kine na rage shafewar kai mai tsanani ga jariran da suka fi son gefe ɗaya. Kuɗin zama da na taksi sun ci wani abu, amma duka-duka ba su kama ƙafar kuɗin jirgin mutum ɗaya ba.

Raunin wannan hanya shi ne ba a ganin aikinta. Mai hula ta san ta yi wani abu, kowa ma ya gani. Mai juyi kullum kan take kallo, kullum kamar jiya, ga mata a wurin biki suna leƙa goyo suna cewa, "Wai me ya sami kan yaron nan?" Ƙanwata ta yi kuka ba sau ɗaya ba. Abin da ya riƙe ta hoto ne: bayan kowane sati biyu, an jiƙa gashi, daga sama, a wuri guda, hanci da kunnuwa duka a ciki. Hoton farko da na biyu kamar ɗaya. Na farko da na biyar kuwa har mijin ya yarda. Rauni na biyu ya fi haɗari: ana cewa "zai gyaru" har lokacin hula ya wuce ga yaron da da gaske yake bukatarta. Maganinsa a yanka wa'adi. Likitarmu ta auna kan ta kusurwa biyu, daga goshin dama zuwa ƙeyar hagu, daga goshin hagu zuwa ƙeyar dama, ta rubuta bambancin a karne. Likitoci da yawa suna ɗaukar abin da ya haura milimita 12 a matsayin mai tsanani. Namu bai kai ba. Ta ce a dawo bayan wata biyu a sake awo, in ya ƙaru ko ya tsaya cak a sake zama.

Akwai abubuwan da aka kawo mana da ba sa cikin zaɓi ko kaɗan. Matashin nan mai rami a tsakiya da ake tallarsa a Facebook: hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a Nuwamba 2022, ba a tabbatar yana gyara komai ba, kuma yana iya toshe wa jariri numfashi. Kwantar da shi rub-da-ciki ya yi barci don ƙeya ta huta: garin gyaran gira ke nan a rasa ido. Ɗiyar kawunmu, da kyakkyawar niyya, ta ce za ta ba wani mai tahowa tsohuwar hular ɗiyarta. An ƙera ta ne a kan wani kai daban, inda ta bar rami wataƙila nan namu ya turo. Hulunan soso na kare faɗuwa da ake sayarwa a intanet kuwa sunan kawai suka ara.

Gashin kai na Hajiya fa? Na daɗe ina tunaninsa. Kan da ya fito a tsuke daga haihuwa yana komawa daidai da kansa cikin kwanaki ko ƴan makonni, a daidai lokacin da kakanni ke gasawa, shi ya sa yabon ya zama nasu. Dannawar minti biyar ba ta ture kwanciyar awa goma sha biyar. Amma tsumma mai ɗumi da man kaɗe a hannu mai taushi ba su ɓata komai ba, matuƙar ruwan bai yi zafin ƙona fata ba, ba a danna da ƙarfi ba, an kuma bar maɗiga. Mun bar mata abinta da waɗannan sharuɗɗa. Faɗa da uwar miji a kan tsumma asarar ƙarfi ce da ake bukata wurin juyi.

In aka ce in yanke, ga inda na tsaya. Yaro ƙasa da wata huɗu, babu maganar hula tukuna: a duba wuya, a duba ɗinki, a gyara ɗaki. Allurar sati 6 da ta 10 da ta 14 dama ce, tun da an riga an je. A roƙi mai awo ta leƙa kan daga sama, ta gwada juya wuyan dama da hagu. Tsakanin wata huɗu da shida, in shafewar kaɗan ce ko matsakaiciya kuma awo na nuna sauƙi, ban ga dalilin sayar da fili ba. In kuwa mai tsanani ce, fuska ta fara karkata, ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa ko kunci ya fi kunci, an yi wata biyu ana juyi da kine tsakani da Allah bai motsa ba, to maganar hula ta halatta, da sharaɗin likita ne ya ce, mai gyaranta na kusa, kuma akwai ɗakin da za a iya sanyaya wa yaron. In ɗaya daga cikin ukun nan ya faɗi, ni dai kuɗin zan mayar wurin kine. Bayan shekara guda, wanda ya ce ka kawo miliyan ka tambaye shi sau biyu.

An fi damuwa in namiji ne, na lura, don shi za a riƙa yi wa ƙwal-kwabo, mace kuwa kitso da kallabi sun rufa mata asiri. Abin dariya, mu da muka tashi muna tsokanar mai doguwar ƙeya a makarantar allo, yau ga mu muna neman ƙeya da kuɗi.

Yaron ya shiga wata goma sha ɗaya yanzu, yana bin bango. Wuya ya saki tun yana wata shida. In ka leƙa daga sama ka san abin da kake nema, kunnen dama har yanzu yana gaba da ɗan'uwansa kaɗan, ƙeyar kuma ba ta cika tas ba. In ba ka sani ba, ba za ka gani ba. Da suka je Tawa da salla, Hajiya ta ɗaga shi gaban maƙwabtanta tana shafa kan, ta ce su dubi aikin hannunta. Ƙanwata ta ce, "Wallahi Hajiya, sannu da ƙoƙari," ta karɓe shi ta goya, ta juya masa kunci hagu.